Ɗanyar Tukunyar Cibiya

Uwata maginiyar tukwane ce, haka ma uwarta. Ni kuwa tun ina firamare na ƙudura a raina ba zan tashi da warin hayaƙin matoya a zanena ba. Na yi boko iya ƙarfina, na auri ɗan boko irina, ya samu aikin akawu a wani kamfanin kago, masu jigilar kaya, a Al Ras, ya ɗauko ni zuwa Dubai a shekarar 2016. Na yi watanni a ɗakinmu na Muraqqabat ina kallon motoci ta taga kafin in samu aiki, kuma da aikin ya tashi zuwa sai ya kai ni wani situdiyo a cikin manyan rumbunan ajiya na Al Quoz, inda matan masu hali ke biya a koya musu ginin tukunya. Nawa aikin in zauna a tebur a bakin ƙofa, in amsa waya, in tsara wa zai zo yaushe.

Kiran intanet ba ya shiga a Dubai a lokacin, kiran layi kuma sai mai ƙarfi, don haka da saƙon murya nake gaisawa da Inna ta wayar ƙanena. Da na gaya mata inda nake aiki, saƙon da ya dawo rabinsa dariya ce da tari. Da ta samu numfashi ta ce, "Wato 'yar nan, kin tsallake teku kin je gadin laka."

Ban ji daɗi ba, amma gaskiyarta ce. Sai dai lakar can ba irin tamu ba ce. A leda take zuwa daga wata ƙasa, sumul kamar man shanu, ba tsakuwa ba saiwa. Matan su zauna a gaban faifan da lantarki ke juyawa, su ɓata hannu, su ɗauki hoto, su tafi da wani ɗan kofi mai karkataccen baki. Mai kula da matoyar wurin, wadda ta lantarki ce mai ƙofa kamar babban firji, wani Kirista ne ɗan kudancin Kaduna, Hausarsa ta fi ta maigidana daɗi. Shi kaɗai nake yi wa gulmar kofunan, shi kuma ya ce, "Anti, bar su, su ne albashinmu."

A ƙarshen zafin 2018, ina da tsohon ciki, aka kawo wata dattijuwa daga New Zealand ta yi wata uku tana koyarwa, tana kuma gina kayan da za a baje a wani nuni. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, gashinta ya yi furfura, a haɓarta akwai zane baƙi-kore da ya sauko daga leɓenta na ƙasa. Da na gan ta sai na tuna matan Fulanin da ke kawo nono ƙofar gidanmu. Ta ce ita Maori ce. Ban san su ba. Da na tambayi maigidana ya ce ai su ne masu zare ido suna dukan cinya kafin wasan zari-ruga, iyakar iliminsa ke nan a kansu, kuma ya faɗe shi kamar wanda ya yi digiri a kai.

Ranar farko ko kallon faifan lantarkin ba ta yi ba. Ta murza yumɓu tsakanin tafukanta ya zama igiya, ta ɗora, ta danne da babban yatsa daga ciki, sauran yatsun suna tallafe daga waje, tana zagaya teburin da baya da baya. Ban san lokacin da na bar wayar ofis tana ruri na je na tsaya a kanta ba. Haka Inna take ɗora wuyan randa, har da ɗan cije leɓen nan. Matar ta ɗago ta dube ni ta ce, "Wa kika gani?" Na ce uwata. Tun daga ranar nake ce mata Goggo, na fassara mata, ta ce ta karɓa.

Kayanta ba na girki ba ne. Wasu kamar duma, wasu kamar goshin kwalekwale, wasu da fuskoki masu harshe a waje da idanu na ɓawon kifin teku. Idan yumɓun ya sha iska ya yi tauri kamar fata, sai ta ɗauko wani ɗan ƙashi mai kaifi ta shiga sassaƙa layuka masu naɗewa, ba ta zana su da fensir tukuna, daga ka take yi. Kowane layi da abin da yake nufi. Wannan tohon wani ganyen dajinsu ne da ke fitowa a naɗe, wannan kogin garinsu ne, wannan kakarta ce, waɗannan 'ya'yan kakar. Tana da wani tsohon gwangwanin madara cike da busasshen yumɓu ja daga bakin wancan kogin, duk abin da za ta gina sai ta ɗebi kaɗan ta jiƙa ta cuɗa a cikin na leda. Kafin ta fara takan yi wasu 'yan kalmomi a harshensu, ni kuma in yi bisimilla a raina, kowa da nasa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da ta ce kakanninta ba su gina tukunya ba. A rami suke girki da duwatsu masu zafi, ruwa a duma, gwanintarsu a itace da ƙashi da dutse take. Tsararta ne suka ɗauki yumɓu suka ɗora masa zanen da kakanni ke yi a katako. Ta ce, "Mu zanen muka gada, tukunyar mu muka nemo." Na koma tebur ina juya maganar. Su da ba su da ita sun nemo ta, mu da muka buɗe ido a cikinta tun ina yarinya bokitin roba yake korar tulun Inna daga kasuwa, kuma ni ce ta farko a gidanmu da ta ƙi koya.

Na tura wa Inna hotunan kayan. Tambaya ɗaya ta yi: "Me ake zubawa a ciki?" Na fassara wa Goggo, ta yi dariya har ta dafa tebur, ta ce in gaya mata mutanenta take zubawa. Inna ta ce, "To, Allah ya kyauta. Amma dai hannunta ya faɗa, dubi kaurin bangon, ko'ina ɗaya." A bakin Inna wannan ba ƙaramin yabo ba ne, ni ban taɓa samun irinsa ba.

A al'adarmu haihuwar fari a gida ake yi. Na so in tafi, Inna da kanta ta hana. Ta ce hanya ba kyau, kuma a lokacin duk ɗan yankinmu ya san abin da ake nufi da haka, ba ramuka ake nufi ba. Mutanen daji sun fara tare motoci tsakanin birni da ƙauyenmu. Don haka a wani asibiti a Deira na haihu, kuma sai da aka yi mini aiki. Da na farfaɗo aka nuna mini 'yata, na gode wa Allah, sannan na tambayi maigidana ina mabiyiya. Ya dube ni kamar na yi masa wani yare. Shi a gida maza ba sa sanin wannan, haihuwa suke ji, sai suna. Ya fita ya tambaya, ya dawo yana sosa ƙeya, an riga an kwashe ta da sauran abin da ake kwashewa. Ba laifin kowa ba ne, ba wanda ya ce a ajiye. Amma na yi kwanaki ba na iya dubansa ba tare da raina ya ɓaci ba.

A gidanmu, idan an haihu, ungozoma takan wanke mabiyiya ta binne ta a bayan ɗakin Inna, gindin wani lalle, a kife mata tsingaron tukunya. Idan cibiya ta bushe ta faɗi, a tona gefen a sa ta. Duk mu 'ya'yan Inna muna nan a jere, kuma na san tawa, wani jan tsingaro ne na wuyan tulu da gefensa ya ɗan leƙo waje, na sha yin tuntuɓe da shi. Ana cewa duk inda mutum ya je, inda aka binne cibiyarsa nan zuciyarsa ke komawa. Na san malamai za su ce ba shi da asali, na kuma yi boko, ba sai an tuna mini ba. Amma na kwanta a gadon asibiti ina jin an yi wa 'yata wata asara tun ba ta buɗe ido ba. Da cibiyar ta faɗi na naɗe ta a auduga na sa a wata wankakkiyar kwalbar man shafawa. Inna ta ce, "Ki adana mini. In kun zo in sa ta kusa da taki."

Ranar suna Goggo ta zo Muraqqabat. Fulat ɗin namu iyali uku ne a ciki, kowa da ɗakinsa, kicin ɗaya. Ta cire takalmi a bakin ƙofa ba wanda ya ce mata, ta ci waina da miyar taushe har ta nemi ƙari, ta ɗauki jaririyar ta haɗa hancinta da nata ta lumshe ido, matan 'yan kasuwar Kano da suka zo barka suna taɓa juna. Da mutane suka ragu ta hango kwalbar a kan durowa ta tambaye ni mene ne. Na so in ce magani ne. Na riga na saba, a Dubai ba a faɗin irin waɗannan abubuwa, sai a ɗauke ka ɗan ƙauye. Amma na gaya mata, har da lallen da jan tsingaron.

Ta zauna a bakin gado. Sannan ta ce su ma haka suke yi, mabiyiya da cibiya duka, a ƙasar kakanni, wani lokaci a dasa itace a kai. Ta ce cikin duk abin da take ginawa, wanda aka fi zuwa nema a gidanta ba manyan nan na nuni ba ne, ƙananan mazubai ne da ake sa mabiyiya a ciki a binne. Ta ce akwai mutanensu da aka raba da ƙasarsu tun zamanin Turawa, akwai waɗanda suka watsu a birane, wasu sukan ajiye ta 'ya'yansu a firji har sai sun samu komawa. Na tambaye ta suna samun komawar? Ta ce wasu.

Ana gobe za ta tafi, na riga na fara leƙa aiki, ta kira ni bayan situdiyo ta miƙo mini wani abu a naɗe a tawul. 'Yar tukunya ce da ba ta fi asusu ba, da murfinta, ruwan toka mai ɗan ja-ja saboda yumɓun gwangwanin nan. Ta sassaƙa mata layuka uku masu naɗewa, babba da matsakaici da ƙarami, kowanne ya fito daga cikin ɗaya. Ta ce Inna ce, da ni, da yarinyar. Na juya ta a hannu, na ƙwanƙwasa da farce kamar yadda na ga ana yi tun ina ƙarama. Ba ta yi ƙara ba. Ɗanya ce.

Na ɗauka lokaci ne ya ƙure mata. Mai matoya ma da ke tsaye ya ce, "Anti, kawo in jefa ta cikin na gobe, yalla, akwai wuri." Goggo ta ɗora hannu a kan nawa ta ce a'a, da gangan ta bar ta haka. Wannan ba a ƙona ta. So ake idan ta shiga ƙasa, damina ɗaya ta narke, ita da abin da ke cikinta su koma ƙasar tare. In aka ƙona ta, cibiyar za ta zauna a kulle, tana cikin ƙasa amma ba ta taɓa ta ba.

Na ce, "Goggo, a garinmu ɗanyar tukunya ba tukunya ba ce. Maginiyar da ta ba mutum ɗanya ta zage shi."

Ta ce, "A garinku ruwa ake zubawa. Ki dai yi sauri ki kai ta, ba a gina ta don jira ba."

Na tura wa Inna hoton, na yi shiru a kan sauran. Ai kuwa daga hoto ta gane. "Wannan ai ba ta ga wuta ba. Itace ne babu a ƙasar, ko rowa ce?" Na yi mata bayani yadda aka yi mini. Saƙon da ya biyo baya ya fara da kukan kaji da muryar ƙanena yana ce mata ta yi magana yana ɗauka. Can ta ce, "Matar nan ta san abin da take yi. Mu ma da mun yi tunani da haka muka yi. Kada ki bari kowa ya ƙona ta. Ki kawo ta yadda take."

Na sa cibiyar a ciki, na naɗe tukunyar a tsohon ɗankwali, na ɗora a saman durowar kaya inda hannu ba ya kai wa. Muka sa ranar tafiya, hutun maigidana na 2019, bayan ƙaramar salla. Na sayi turare a Al Ras, na sayi atamfa, har na samo kwalin takalmi da zan jera ta a ciki da auduga in riƙe a hannu cikin jirgi.

Kafin azumi ya ƙare aka shiga ƙauyenmu. Ba zan faɗi abin da aka yi ba, duk wanda ya fito daga wajenmu yana da irin labarin, wanda bai fito ba kuma ya gaji da ji. Namu dai sun tsira da rai, suka kwana a daji, suka shigo birni a bayan motar itace. Ƙanena ya kama musu ɗaki ɗaya a wata unguwa a bakin gari. Muka fasa tafiya, abin da za mu hau jirgi da shi aka sayi katifa da buhun masara. Inna ta ce ba komai, kwana nawa ne, da an yi girbi ƙura ta lafa za su koma, ta bar tukwane ɗanyu a rumfa ma ba ta ƙona ba. Ta ce in ci gaba da adanawa.

Aka yi girbi, waɗanda suka koma yi sai da suka biya kafin a bar su su taɓa gonakinsu. Inna ta ce bayan rani. Rani ya zo da korona. Aka rufe jirage, aka rufe situdiyo, aka ce mu zauna a gida za a neme mu, ni har yau ba a neme ni ba. An rage wa maigidana albashi, muka bar ɗakinmu muka koma wani rabin falo da aka raba da katako, a gini na uku daga inda muke. Da muna kwashe kaya shi ya ɗauki firji da gado, ni na ɗauki yarinya a baya da kwalin takalmi a hannu, ina tafiya a titin Muraqqabat kamar mai ɗauke da ƙwai.

A sabon wurin na gane abin da Goggo take nufi. Zafin Dubai ba irin namu ba ne, jiƙaƙƙe ne, bango ma gumi yake yi. Esin ɗakin tsoho ne, yana ɗiga, mai gidan kullum inshallah gobe. Wata rana na sauko da kwalin na tarar gindinsa ya yi laushi. Na kwance ɗankwalin, gefen murfin ya marmashe, ƙaramin layin nan, na yarinyar, rabinsa ya shafe, kuma wata siririyar tsaga ta taso daga gindi. Na zauna a ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka shiga ƙauyen. Maƙwabciyarmu ta bayan katako ta yi gyaran murya ta ƙara sautin talabijin, na gode mata a raina.

Maigidana mutum ne mai son a warware matsala a wuce wurin. Ya ce, "Ki shirya ranar Juma'a mu ɗauki tasi mu fita bayan gari, ga sahara nan iya ganinki, mu tona mu sa, halas, in ji Larabawa, shi ke nan. Ƙasa ai duk ta Allah ce."

Na ce, "Ta Allah ce, amma bizarka ta shekara biyu ce."

Ya ce wannan camfi ne. Na ce na ji, camfi ne. Amma in har akwai ƙwayar gaskiya a cikinsa, ba zan ɗaure zuciyar 'yata a ƙasar da aka haife ta amma ba za ta taɓa zama 'yar ƙasa ba, inda ranar da aikin ubanta ya ƙare za a ba mu kwanaki mu tattara. In kuma babu gaskiya a cikinsa, to me zai kai mu sahara da tsakar rana? Bai sake tayar da maganar ba. Ya dai sayo mini wasu 'yan ƙunshin gishirin nan masu shan danshi da ake sawa a kwantena, ya zuba a kwalin da kansa.

Na tambayi Inna ko in ba wani ɗan kago ya kai mata ta binne a inda suke. Ta ce tsakar gidan siminti ne, kuma gidan haya ne, mai shi ya riga ya fara maganar ƙari. Ta ce, "In binne jikata a gidan wani, gobe ya ce mu tashi?" Ita kanta ta daina gini. Ramin da suke ɗibar yumɓu tun zamanin kakarta yana bakin rafi, nan kuwa mutanen dajin suke shayar da shanu. Ta gwada ƙasar wani kududdufi a birni, ta ce yashi ne, ba ya riƙe wuya. Yanzu wanke-wanke take yi wa wata mai tuwo-tuwo a bakin tasha, a robobi. Ba ita ta gaya mini ba, ƙanena ne.

A farkon 2021 ƙanena ya saci jiki ya bi wani mai babur ya leƙa ƙauyen. Ya turo mini hotuna. An kwashe kwanon rufi, an cire ƙofofi, katangar baya ta zube. Rumfar Inna ta rufta, tukwanen da ta bari ɗanyu damina biyu ta bi ta kansu, sun zama tudun laka, sai bakin wata randa guda da ya rage kamar zobe. Na buɗe hoton bayan ɗaki na ja shi da yatsu har ya dushe. Babu lallen. An daɗe ana kwantar da shanu a wurin, ƙasar ta zama baƙa, an tattake ta. Na nemi jan tsingarona ban gani ba.

Ban san ya nuna wa Inna ba sai da saƙonta ya shigo. Ina yanka albasa a kicin ɗin da muke rabawa, na sa wayar a kunne. Ta gaishe ni, ta tambayi mai sunanta, don sunanta muka sa wa yarinyar, ta tambayi maigida da aiki. Sannan ta ce, "Tukunyar nan tana nan?" Ta ci gaba da cewa, "Ki fitar da abin, ki shafe tsagar da ruwan yumɓu, ki bar ta ta bushe sosai a inuwa. Sai ki kai a ƙona ta. Kada a sa mata wuta da ƙarfi da farko, ta daɗe a ajiye."

Na saurara sau biyu. Na aika mata cewa ai ita ta ce kada a ƙona. Amsar gajera ce. "Na ce. Abin da za a ajiye ƙona shi ake yi, 'yar nan."

Shekara biyu tana ce mini bayan girbi, bayan rani, bayan salla, ni kuma ina karɓa, don muddin tana faɗa akwai gidan da za a koma. Ban taɓa jin Inna ta ce mun bar ƙauye ba, kuma ko a ranar ba ta ce ba. Ta dai ba ni umarni irin na maginiya.

Na yi yadda ta ce. Na kankare ɗan yumɓu daga cikin murfin na jiƙa, na shafe tsagar da yatsa, karo na farko da na gyara tukunya a rayuwata. Layin yarinyar da ya shafe ban taɓa shi ba, ba hannuna ba ne. Na mayar da cibiyar kwalbar man shafawa. Da ta bushe na goya 'yata, na hau jirgin metro, na sauka na ƙarasa Al Quoz a bas. An sake buɗe situdiyon, wata 'yar Filifin ce a teburina. Mai matoya yana nan, ya rame. Su ma an shiga nasu garin a bara, na ji, na yi masa jaje a waya. Na buɗe kwalin a gabansa. Ya gane ta, ya dube ni.

Ya ce, "Halas, Anti?"

Na ce, "Halas. A hankali da farko."

Ya ce ya sani. Ya sa ta a lungu, bayan kofunan matan.

Da na koma karɓa ta canja. Tokar ta tafi, ta fito ja kamar tulun garinmu, yumɓun kogin Goggo ya yi mata ɗigo-ɗigo masu duhu, layukan sun fito raɗau, biyu cikakku, na ukun rabi. Tsagar ta riƙe. Ta yi kyau, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na tura wa Goggo hoton ba tare da bayani ba. Ta amsa da cewa ta gani, tana tare da mu, kuma tana da sauran yumɓu a gwangwani duk ranar da na buƙaci wata ɗanyar. Na yi mata godiya. Ban ce mata ta ajiye ba.

A gida na mayar da cibiyar ciki na rufe. Na danna ɗaukar murya, na kai wayar kusa, na ƙwanƙwasa gefen tukunyar da farce sau biyu. Ta yi ƙara siririya, tsaf, irin wadda masu saye ke nema a kasuwa. Na tura wa Inna haka, ban ce komai ba.

Amsarta ta zo bayan la'asar, ana jin ƙarar robobi da ruwa a bayanta. Ta ce, "Ta ƙonu. Wannan sai ta fi mu daɗewa."

Tukunyar tana nan a saman durowa, ba kwali ba ɗankwali, esi ya yi ta ɗiga in ya ga dama. Yarinyar ta fara magana, Hausa da Turanci da Larabcin titi irin su yalla duk a haɗe. Takan nuna ta da yatsa ta ce mene ne, in ce mata tata ce. Kwanan baya ta ƙara da tambayar da na san tana tafe, irin ta kakarta, ta ce me ake zubawa a ciki. Na ce ta bari sai ta girma, na ɗauke ta muka tafi kicin.